Mai Neman Allah Sai Ya Sunkuya: Darasi Daga Gonakin Kunduru Da Maraɗi

  Ga shi rani ya yi nisa, ba da daɗewa ba kowa zai saɓa gatari ya nufi gona domin sassabe. Kafin ku sa gatari a gindin kowane tsiro, muna roƙonku ku zauna ku karanta wannan labari a taron ƙungiya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Labarin kuskurenmu ne, mu malaman gona, ba mu kuwa ji daɗin rubuta shi ba. Amma mun ga gara mu faɗa da bakinmu, ko wani ya kauce wa ramin da muka faɗa.

ABIN DA YA FARU A KUNDURU

Kunduru tana cikin ƙasar Kankiya, a tsakiyar Jihar Katsina. Ƙasa ce mai yashi, abin da aka fi nomawa shi ne gero da dawa da wake da gyaɗa. Dattawan wurin suna tunawa da farin 1973 da na 1984, suna kuma faɗa cewa a da ba a iya hango wani ƙauye daga wani saboda itatuwa. Yanzu kuwa idan iskar bazara ta taso, ba abin da ke tare ta.

Shekara huɗu ke nan da aka turo mu aiki tare da wata ƙaramar ƙungiyar manoma Kirista a ƙauyukan da ke kewayen Kunduru. Mun zo da takardar shaidar kwaleji a aljihu, da littattafai a jaka, da niyya mai kyau a zuciya. Muka ce wa 'yan ƙungiya maganin iska da zaizayar ƙasa shi ne dashen itatuwa. Muka kawo amalanke biyu cike da dashen dalbejiya da turare a cikin leda. Muka kuma ce kowa ya share gonarsa tas, a ƙone sabara da kalgo, domin garmar shanu ta wuce ba tare da cikas ba. Har gasa muka sa, wanda gonarsa ta fi tsabta zai sami buhun taki.

Akwai wani dattijo a cikin ƙungiyar, bai taɓa shiga aji ba, bai iya karanta ko sunansa ba, amma ba ya fashin sujada. Da muka zaga gonaki muka tarar tasa cike da tsire-tsire, nan sabara, can kalgo, can gawo ƙanana, ya aske wa kowanne rassan ƙasa ya bar shi tsaye. Muka ba gonarsa lamba ta ƙarshe. Da ma nan muka tsaya, da sauƙi. Amma a gaban taro muka ce ƙazamar gona alamar ƙyuya ce, ƙyuya kuwa ba ta dace da mai bi ba. Mutane suka yi dariya. Dattijon bai ce uffan ba, ya ɗauki sandarsa ya fita. Daga ranar bai sāke zuwa taron ƙungiya ba, 'ya'yansa biyu kuma suka janye kuɗinsu daga asusu.

Kafin mu dasa itatuwan mun yi azumi da addu'a. Amma yanzu da muke waiwaya, mun gane irin addu'ar da muka yi. Mun riga mun gama shirinmu, muka kai wa Allah takardar domin ya sa hannu kawai. Ba mu tambaye shi kome ba, gama a ganinmu mun riga mun san amsa.

Rani ya zo, awaki suka cinye wasu dashen, gara ta ci wasu, ƙishi ya kashe sauran, gama mata ba za su bar tulun gida ba ruwa su kai wa itace ba. Abin da ya rayu bai taka kara ya karya ba. Da ruwan fari ya sauka aka yi shuka, sai iska ta taso da yashi ta binne tsiron gero a gonakin da aka share tas. Wasu sai da suka yi shuka sau uku. Gonar dattijon nan kuwa shuka ɗaya ya yi, ta tsaya.

SARKI MAI SON NOMA

A cikin waɗannan kwanaki na kunya ne muka karanta labarin Sarki Uzziya, wanda ake kuma kira Azariya, a Littafin Tarihi na Biyu, sura 26. Ku buɗe ku karanta da kanku, gama labarin manomi ne. Ya hau sarautar Yahuza yana da shekara 16, ya yi shekara 52 a kan gado. Yana da mai koya masa tsoron Allah, sunansa Zakariya, muddin kuma yana neman Ubangiji al'amuransa suna ta yin albarka. Ya haƙa rijiyoyi da yawa, yana da garkunan dabbobi, yana da manoma da masu gyaran inabi, gama mutum ne mai ƙaunar ƙasa. In da a zamaninmu yake, da shi za mu zaɓa shugaban ƙungiya.

Amma da ya yi ƙarfi sai zuciyarsa ta kumbura. Ku lura da inda girman kan ya kai shi. Bai bar Haikali ya koma tsafi ba. Cikin Haikalin ya kutsa, da kaskon turare a hannu, zai yi aikin da aka keɓe wa firistoci. Babban firist da waɗansu 80 suka tare shi suka gargaɗe shi, shi kuwa ya husata. Yana cikin fushin nan kuturta ta fito masa a goshi, ya ƙare kwanakinsa a ware cikin wani gida dabam.

Wannan ya tsorata mu. Ashe mutum yana iya kasancewa a ɗakin sujada, da addu'a a baki, da aikin Allah a hannu, girman kai kuma yana jan ragamarsa. Alamarsa ɗaya ce, ba ya son a gyara masa. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, mu kuwa namu rawanin na takarda ne.

BATUREN DA YA TSAYA A KAN HANYA

Wani ɗan'uwa mai zuwa fatauci Maraɗi ta hanyar Jibiya ya ji abin da ya same mu, ya ce ai ba mu ne na fari ba. Ya ba mu labarin da kowa ya sani a can, daga baya muka bincika muka tarar haka yake. Kun dai san mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne Katsinawa, ƙasarsu da tamu iri ɗaya ce, sai dai tasu ta fi ƙarancin ruwa.

A shekarar 1981 wani saurayi ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Nijar tare da matarsa a ƙarƙashin mishan ɗin SIM. Ya yi karatun aikin gona a jami'a, aka ba shi aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi. Ya yi abin da littafi ya ce, ya yi renon dashe, ya rarraba wa ƙauyuka, ya sa shinge, ya yi ban ruwa. Yawancinsu suka mutu, manoma kuma ba su damu da su ba. Bayan shekara biyu ya kusa fid da zuciya.

Wata rana a 1983 yana kan hanyar kai dashe ƙauye, sai ya tsaya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, ba kome sai fili. Ya ga ko zai yi shekara nawa, ko za a ba shi kuɗi nawa, ba zai iya mai da itatuwa a wannan ƙasa ba. Shi da kansa ya sha ba da labari cewa a nan ya yi addu'a, ya roƙi gafarar Allah saboda yadda mutane suka ɓata halittarsa, ya kuma roƙa a buɗe masa ido a nuna masa abin yi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, irin wanda ya wuce sau dubu yana ɗauka ciyawar banza ce. Ya taka ya je, ya sunkuya ya duba ganyen. Ashe itace ne da aka sare, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can zurfi cikin ƙasa, kowace shekara yana toho ana sāke sare shi. Irinsa kuwa ga su nan birjik a kowace gona. Itatuwan da yake wahalar kawowa a mota suna nan a ƙarƙashin ƙafarsa.

Da fari mutane kaɗan ne suka yarda su gwada, wasu ma suka ce Baturen ya taɓu, gama kowa ya san manomin kirki gonarsa a share take. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da barin itatuwa a gona, mutane da yawa suka bari. Da yunwa ta wuce mafi yawansu suka sāke sarewa. Amma waɗanda suka bari suka ga amfani, ga itacen girki, ga abincin dabbobi a rani, ga inuwa, ga ganye yana zama taki, iska kuma ba ta binne shuka. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. A can suna kiran wannan aiki sassabin zamani. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike da hotunan tauraron ɗan adam suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya mai suna Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi na Burkina Faso.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne, mutumin nan bai ce shi ya ƙago dabarar ba. Manoman Afirka sun san gyaran toho tun kaka da kakanni. Sarakunan Damagaram na dā sun hana sare gawo, gama sun san darajarsa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa su ƙosar da tumaki, ƙasar gindinsa kuma ta yi ƙarfi. Abin da Baturen ya samu a ranar nan ba sabon ilimi ba ne. Idon ganin abin da ke gabansa ya samu, bai kuwa samu ba sai da dabararsa ta ƙare.

DAGA INA MUKA FITO?

Labarin nan ya tuna mana da Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5. Babban mutum ne, amma kuturu. Wata yarinya baiwa ce ta faɗa inda za a sami magani. Ya tafi da dawakai da azurfa da zinariya, yana sa rai annabi Elisha zai fito ya yi masa wani babban abu. Annabin ko fitowa bai yi ba, ya aika a ce masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya fusata, ya ce kogunan Dimashƙu sun fi wannan kyau. Barorinsa ne suka lallashe shi, suka nuna masa cewa da abu mai wuya aka ce ya yi, ai da ya yi. Sai da ya sauka daga karusa ya tuɓe kayan sarauta ya shiga ruwa, sa'an nan ya warke, ya kuma san Allah na gaskiya.

Mu Kiristan ƙasar Katsina bai kamata wannan labari ya zama mana baƙo ba. A 1937 ne mishan ɗin SIM ya karɓi aikin jiyyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da yawa daga cikin masu bi na fari a ƙasar Hausa kuwa ta irin waɗannan asibitoci suka ji bishara. Waɗansu kuma iyayenmu ne Maguzawa na ƙauyuka, manoman da mutanen birni ba su ɗauka a bakin kome ba. Ba da rawani ko takarda aka kafa ikilisiyoyinmu ba. Mutane ne da suka san ba su da abin taƙama, suka zo hannu wofi, aka karɓe su. To, mu jikokinsu da muka ɗan leƙa aji, da me za mu yi fahariya?

Ubangiji Yesu ya ba da misali a Luka sura 18 a kan mutum biyu da suka je Haikali yin addu'a. Bafarisiye ya tsaya yana lissafa wa Allah azuminsa da zakkarsa, yana gode wa Allah da bai zama kamar mai karɓar harajin da ke can gefe ba. Mai karɓar harajin kuwa ko ɗaga ido bai iya yi ba, jinƙai kaɗai ya roƙa. Shi ne ya koma gida karɓaɓɓe. Ranar gasar nan ta Kunduru, mu ne Bafarisiyen.

MUN KOMA WURIN BABA

Ba abu ne mai sauƙi ba malami ya je ba da haƙuri ga wanda ya kunyata a gaban jama'a. Mun yi mako uku muna ɗagawa. Daga bisani muka roƙi wani dattijon ikilisiya ya raka mu. Muka tarar da shi a gona yana gyaran wata magarya. Muka tuɓe takalma muka durƙusa, muka ce, "Baba, mun yi maka laifi a gaban mutane, mun kuma yi wa Allah laifi. Ka gafarta mana."

Ya ce, "Haba Malam, tashi, kada ƙaya ta soke ka. Ni ban riƙe ka ba. Abin da ya yi mini zafi shi ne da ka ce ba na bin Ubangiji."

Muka ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mana dalilinka ba a ranar?"

Ya ce, "Ɗana, ai ba ka tambaye ni ba."

Ya zaga da mu gonar, yana nuna mana wanda ake bari da wanda ake cirewa, da yadda ake sara daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawo ya yage. Ya ce a wurin mahaifinsa ya gani. Ranar Lahadi muka tashi a gaban ikilisiya muka janye maganarmu, gama laifin da aka yi a fili ba a gyara shi a ɓoye. Shi ya koma ƙungiya. Ɗansa ɗaya ya dawo, ɗayan har yau bai dawo ba, muna kuwa roƙonku ku sa wannan cikin addu'a. Maganar minti ɗaya ta ci shekaru ba a gama biyan bashinta ba.

KADA A FAHIMCE MU A KARKACE

Tawali'u ba ya nufin a jefar da ilimi. Ingantaccen iri yana da amfani, takin zamani yana da amfani, allurar dabbobi tana da amfani, dashen itatuwa ma yana da wurinsa, musamman mangwaro da zogale a kusa da gida inda za a iya ba su ruwa. Ba kuma ya nufin a naɗe hannu a ce haka Allah ya so. Rinaudo da ya tashi daga addu'a, aiki ya kama na shekaru masu yawa. Ba kuwa kowane abin da tsoho ya faɗa ba ne daidai, gama tsofaffi ma suna da nasu girman kan, wanda ba ya yarda yaro ko mace su san wani abu.

Tawali'u shi ne mutum ya zo gaban Allah da tambaya ta gaske, ya kuma yarda amsa ta zo ta bakin da bai zata ba, ko na baiwa, ko na bara, ko na wanda bai yi makaranta ba, ko na maƙwabcinmu Musulmi wanda gonarsa ke iyaka da tamu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ubangijinmu da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa.

ABIN DA ZA MU YI A BANA

Ga yadda ake sassabin zamani, yadda Baba ya nuna mana, yadda kuma ake yi a Maraɗi:

1. Kafin ka yi sara, zaga gonarka ka ƙidaya kututturan da ke da toho. Lura da gawo, kalgo, sabara, magarya, aduwa, marke da taramniya.

2. Zaɓi waɗanda za ka bari. Mai farawa yana iya barin kamar 8 zuwa 16 a kowace eka, ya tsara su yadda garma za ta wuce.

3. A kowane kututture bar toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, sare sauran.

4. Aske rassan gefe har zuwa rabin tsawon kowane toho, kada ka wuce haka. Wasa addarka sosai, ka yi sara daga ƙasa zuwa sama.

5. Ɗaura tsumma a jikin wanda ka bari domin masu neman itace su san yana da mai shi. Ku sanar da mai unguwa da maƙwabta da makiyaya, gama aikin nan ba ya yiwuwa ga mutum ɗaya.

6. Koma bayan wata biyu ko uku ka cire sabon toho. Rassan da ka sare na girki ne, ganyen kuwa a bar shi a gona.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

Wane ne a ƙungiyarmu ba mu taɓa tambayar ra'ayinsa ba? Akwai wanda ya daina zuwa taro saboda maganar da ɗayanmu ya faɗa, wa zai je wurinsa a makon nan? Idan muna addu'a a kan gona ko rance ko ciniki, tambayar Allah muke yi, ko sanar da shi abin da muka riga muka yanke? A ranar godiyar kaka, idan ana kiran yawan damman da kowa ya kawo, wa ake ɗaukakawa?

Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su rubuto mana yawan kututturan da aka bari a gonakinsu da irin itatuwan, domin mu buga a fitowa ta gaba. Wanda yake so ya ga aikin da idonsa, ya zo Kunduru kafin ruwa ya sauka, Baba ya ce ƙofarsa a buɗe take.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai karɓar gyara, ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da iyalanmu da maƙwabtanmu duka. Amin.